Musayar Waƙa: Az-Zahrawi, Likitan Birnin Ƙurɗuba na Andalusiya (Sifen ta yau)

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum. Amsa-amon wannan karon "ya" ne. Kowa ya ɗora daga inda na gabansa ya tsaya.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai sa cuta, Mai ba da lafiya.
Abul Ƙasim Az-Zahrawi zan waƙa,
Gwanin wuƙa na Andalusiya.
Wajen 936 aka haife shi,
Wajen 1013 ya bar duniya.
Halifa Hakam na biyu ya riƙe shi,
Likitan fada, ana ji da shi gaba ɗaya.
Littafinsa At-Tasrif kashi 30 ne,
Na ƙarshen ne kan fiɗa da jinya.

Ɗan Wanzam:
Malam, shekarun sun shiga kunne,
Ni kayan aikin ne a zuciya.
Gidan aska da ƙaho na tashi,
Na san ƙarfe ba ya yin ƙarya.
Wajen 200 ya zana a littafin,
Hantsaki, almakashi, ƙugiya.
Maƙerin da bai taɓa ganinsa ba,
Ya dubi zanen, ya samu hanya.
Haƙori in ya soma girgiɗi,
Ya ce a ɗaure da zaren zinariya.
Azurfa kore take yi a baki,
Kwana kaɗan a koma shan wuya.
Wanda ya fita kuwa, a fiƙe madadi,
A sassaƙo shi a ƙashin saniya.

Nas Mai Dare:
Ƙanena, ƙarfen ka riƙe da kyau,
Sai dai ka manta sharaɗinsa na ɗaya.
Kafin ɗalibi ya ɗauki wuƙa,
Sai ya san ƙashi, ya san jijiya.
Ya ga wani jahili ya tsaga kumburi,
Wata mata ce, ciwon a wuya.
Ya yanke hanyar jini bai sani ba,
Nan take ta cika, ba dawowa baya.
Ga kuma kuyangar da ta soki maƙoshi,
Aka kira shi, ana ta hayaniya.
Ya tarar iska na fita ta raunin,
Jini kaɗan ne, bai yi ambaliya.
Nan ya gane manyan jijiyoyin na nan,
Ya ɗinke wurin, ya zauna jinya.
Ta tashi sarai, sai ɗan dishin murya,
Ilimi ya yi wannan, ba dace ba ko ɗaya.

Inna Ungozoma:
'Yata, kin taɓo inda nake so,
Mu ma bai bar mu can a baya.
Ya koya wa ungozomomi dabara,
In ɗa ya gitta, naƙuda ta yi wuya.
Ya rubuta cikin da ke zama a waje da mahaifa,
Allah Ya jiƙan sa, ya ji tausayin ɗiya.

Ɗalibin Likita:
Inna, amin. Bari in ƙara,
Ya ba da labarin wani ƙauye, ba tatsuniya.
Mazansu ƙaramin rauni in sun samu,
Jini ba ya tsayawa, sai barin duniya.
Ya lura gado ne a cikin dangi,
Yau sunan cutar himofiliya.
Wani Bature, Gerard na Kiremona, a birnin Toledo,
Ya fassara kashin fiɗar zuwa Latiniya.
Turawa suka ce da shi Albukasis,
A 1497 aka buga fassarar a Italiya.
Abin da ke ci min rai, Malam,
A aji ba mu jin sunansa ko sau ɗaya.

Ɗan Wanzam:
Yaya Nas, maganarki ta zauna,
Saura tambaya guda, ki ba ni gaskiya.
In an ɗinke hanji can a ciki,
Wa zai koma ya warware ɗinkin baya?

Nas Mai Dare:
Ba mai komawa, ƙanena.
Zaren hanjin dabba ya sa a allura ɗaya.
Jiki ne ke shanye shi a hankali,
Rauni na haɗewa, zaren na narkewa gaba ɗaya.
Har yau a ɗakin tiyata akwai irinsa,
Katgot muke ce masa wajen jinya.