Neman kalmar Hausa: me za mu kira "encryption key" na na'urorin wasan hannu?

Mai Shirin Rediyo: Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Ranar Asabar zan gabatar da shirin kimiyya da fasaha, kuma dole in miƙa rubutunsa kafin sallar Juma'a. Zan yi magana ne a kan ƙarar da kamfanin Nintendo ya shigar a Amurka a watan Fabrairun 2024 a kan masu manhajar kwaikwayo (emulator) mai suna Yuzu, wadda take ba mutum damar buga wasannin Switch, na'urar wasan Nintendo, a kwamfuta ko a wayar Android, da yadda aka sasanta a farkon Maris, suka amince za su biya dala miliyan 2.4, suka kuma rufe Yuzu tare da Citra, 'yar uwarta ta wasannin 3DS, wata na'urar wasan hannu ta Nintendo. Yawancin ƙarar ta rataya ne a kan lambobin da Turawa suke kira "encryption key", da suke cikin wani fayil mai suna prod.keys, waɗanda idan babu su manhajar ba za ta iya karanta wasa ba. Na fara rubuta "kalmar sirri", sai na ga ba ta zauna ba. Me ya kamata in ce?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ka yi daidai da ka ajiye "kalmar sirri", domin mai sauraro zai ɗauka wani abu ne da mutum yake haddacewa ya shigar da hannunsa. Wannan kuwa lamba ce mai tsawon bit 128, idan aka rubuta ta takan kai haruffa da alƙaluma 32, tana binne a cikin na'urar, kuma mai na'urar zai iya shekara goma yana wasa bai taɓa ganin ta ba. Ni "makullin sirri" nake cewa.

Hajiya Mai Fassara: Injiniya, na fi son "mabuɗi". Makulli daga kulle yake, mabuɗi daga buɗe, kuma a bakin Kanawa makulli yana iya zama kwaɗon kansa ko ɗan da ake buɗe shi da shi. Abin da Yuzu take buƙata abin buɗewa ne, ba ta kulle komai.

Mai Gyaran Waya: Mu dai a kasuwa "kiis" muke cewa, daga "keys" na Ingilishi, kuma duk yaron da ya kawo waya a saka masa wasa ya san abin da ake nufi. Yawancinsu ma ba su san da batun ba sai da Switch ta zo, saboda manhajar PPSSPP da suka saba buga wasan ƙwallo na PSP (na'urar wasan hannu ta kamfanin Sony) da ita ba ta tambayar kowa wani fayil.

Malamin Hausa: Ina roƙon a yi haƙuri da ni, amma "kiis" ba ta da hurumi a gidan rediyo. Kayan aro ba ya rufe katara. Kafin mu yi gardama a kan makulli da mabuɗi, ya kamata mu fara warware kalmar farko, wato "encryption", domin ita ce ginshiƙi, kuma Hausa tana da ita tun kafin a ƙera kwamfuta: zaurance. Zaurance shi ne a ɗauki magana mai ma'ana a ƙara mata gaɓoɓi ko a jujjuya su, har wanda yake tsaye a wurin ya ji sautin amma ya kasa gane abin da aka faɗa, sai wanda ya san ƙa'idar. Shin ba wannan ne Nintendo ta yi wa wasanninta ba? Saboda haka ina ba da shawarar "mabuɗin zaurance", aikin a kira shi "zaurantarwa", wasan da aka yi wa haka kuma "zaurantaccen wasa". Na daɗe ina koya wa ɗalibaina haka, kuma ban taɓa samun wanda ya kasa fahimta ba.

Injiniya: Allah gafarta Malam, kalmar tana da daɗi a kunne, amma tana karantar da akasin yadda abin yake aiki. A zaurance, ƙa'idar ita ce sirrin. Ranar da baƙo ya gane gaɓar da ake ƙarawa, shi ke nan asiri ya tonu. A nan kuwa ƙa'idar ba a ɓoye take ba. Tsarin ɓoye bayanai mai suna AES da Switch da 3DS suke amfani da shi, gwamnatin Amurka ce ta amince da shi a bainar jama'a a 2001, kuma kowane ɗalibin kwamfuta yana iya karanta yadda yake daga farko har ƙarshe. Duk da haka ba zai iya buɗe wasa ɗaya ba sai da lambar. Wannan bambancin shi ne zuciyar shari'ar da ɗan uwanmu zai yi bayani: masu Yuzu ba su raba lambobin ba, kowa shi zai kawo nasa, amma Nintendo ta ce manhajar da aikinta shi ne karɓar lambar ta buɗe wasa ta saɓa wa dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1998. Tunda sulhu aka yi, kotu ba ta yanke hukunci a kan wannan hujjar ba.

Malamin Hausa: Injiniya, babu kalmar da take ɗauke da dukkan bayanin abin da take nufi. Jirgi a da na ruwa ne kawai, yau ga na ƙasa ga na sama, kuma ba wanda ya ce kwalekwale ba ya tashi saboda haka a nemi wata kalma. Abin da yake damuna shi ne duk lokacin da aka kawo kalma daga cikin gida sai 'yan boko su ce ta yara ce ko ta 'yan mata a dandali, amma idan daga Ingilishi ta zo sai a karɓa hannu bibbiyu.

Ɗan Damagaram: Malam, ina tare da kai a kan "kiis", amma dalilina daban ne. Rediyoyin Najeriya ana jin su a wajenmu, kuma ku kan manta cewa ba kowane Bahaushe ne ya tashi da Ingilishi ba. Mu nan "lakile" muke ji a bakin makanikai, daga Faransanci, kuma da na sa ta a rubutu da kun ce ba Hausa ba ce. Abin da ya hana tamu shiga, shi ya kamata ya hana taku. "Mabuɗi" kowa ya san ta daga Damagaram har Kumasi.

Mai Gyaran Waya: To ai "sirri" ma da kuke ta faɗa Larabci ce, ban ji wanda ya kore ta ba. Aron malamai ne kaɗai halal, na 'yan kasuwa haram?

Malamin Hausa: Kalmar da ta yi ƙarnuka a bakin mutane, ta haifi "asirce" da "sirrance", ba za a haɗa ta da wadda ta sauka daga mota jiya ba.

Hajiya Mai Fassara: Don Allah mu koma kan aikin, bawan Allah nan Juma'a yake jira. Akwai abin da ba mu taɓa ba, kuma shi ne ya sa na dage a kan mabuɗi. Turawa kalma ɗaya suke amfani da ita ga abubuwa biyu mabambanta. Akwai lambar da ake buɗe wasa da ita, wadda masu manhajar kwaikwayo suke nema. Akwai kuma wadda kamfani yake tabbatar wa na'ura da ita cewa wannan manhajar daga gare shi ta fito, wadda ita ce take tsaye a gaban masu rubuta manhajar kansu a gida. Injiniya zai gyara mini idan na kuskure, amma wannan ta biyun ba buɗewa take yi ba, shaida take bayarwa, kamar hatimin da alƙali ko sarki yake bugawa a takarda.

Injiniya: Haka yake, Hajiya, kuma tarihin PSP ya nuna shi ƙarara. A Disambar 2010, a wani taron masana kwamfuta a Berlin, ƙungiyar fail0verflow ta bayyana cewa Sony ta yi kuskure a PlayStation 3: lambar da ya kamata ta canza a kowane sa hannu, sai aka riƙa maimaita guda ɗaya, wanda hakan ya sa aka iya lissafo sirrin kamfanin. Cikin Janairun 2011 aka tono lambobin PSP a cikin PlayStation 3 ɗin, daga nan mutane suka fara rubuta manhajarsu suna buga mata shaidar Sony, PSP ɗin da ba a taɓa yi wa kutse ba tana karɓa. Idan muka kira wannan "hatimin kamfani", mai sauraro zai gane nan take dalilin da ya sa ɓacewarsa ta fi ta mabuɗi muni. Na janye "makulli", ko da yake a AES lamba ɗaya ce take kullewa take buɗewa, kuma ranar da za a yi darasi a kan haka sai mun dawo gare ta.

Mai Shirin Rediyo: Na gode ƙwarai. Ga abin da na rubuta: "Kamfanin yana kulle kowane wasa, kuma mabuɗin sirrin yana cikin na'urar Switch, manhajar Yuzu ba ta aiki sai an ciro wannan mabuɗin an ba ta." Zan ce "mabuɗan sirri" a jam'i, "hatimin kamfani" idan na zo kan PSP. Malam, zan kawo zaurance a farkon bayani a matsayin misali, domin na san dattawa za su kama shi da wuri, sannan in faɗi inda suka bambanta kamar yadda Injiniya ya nuna. "Manhajar kwaikwayo" kuma zan bar ta haka, duk da ina tsoron wasu za su ɗauka ta kallon wasan kwaikwayo ce.

Malamin Hausa: Shirinka ne, kuma "mabuɗin sirri" ba kuskure ba ne, sai dai ka sani ka kauce wa kalmar ne, ba ka fassara ta ba. "Kulle" ba ta nuna cewa an sauya wa rubutun kama. Ɗakin da aka kulle, kayan cikinsa suna nan yadda suke. Ni a ajina "zaurantarwa" zan ci gaba da cewa. Idan ka gama da Juma'a, a buɗe zance na musamman a kan "manhajar kwaikwayo", domin ita ma ban gamsu da ita ba.