Ƙafar robata ta fara cina: gyara zan yi ko sabuwa zan nema?

Dan_Kusugu:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga wannan hali.

Ni mutumin Daura ne, shekarata 34. Awaki da tumaki nake saye ina sayarwa, da damina kuma ina noma gero da wake a gonar gado. A 2021 babur ya kayar da ni ina dawowa daga Mai'adua, ƙashin ƙwaurina ya karye. Aka kai ni wurin wani mai ɗori, ya ɗaure ƙafar tamau da karare da tsumma. Kwana 6 ƙafa ta yi baƙi ta soma wari. Ko da muka isa asibiti ba abin da ya rage sai yankewa, ƙasa da gwiwa da kamar taƙi ɗaya. Haka Allah ya ƙaddara, kuma ba shi ya kawo ni ba.

Bayan wata 7 na samu ƙafar roba. Raguna 3 na sayar, yayana ya cika sauran. Ni a zatona an gama ke nan, kamar wanda ya sayi ƙyauren ɗaki ya kafa ya manta. Ashe babur na saya, kullum da abin da yake nema.

Soket ɗin, wato ramin da dungun ke zama a ciki, ya yi min yawa yanzu. Safa 4 nake jerawa, duk da haka kan ƙashin yana dukan ƙasan soket, har wani ɗan gyambo ya fito ta gaba. Tafin ya tsage ta wajen yatsu, yashi na shiga. Akwai kuma wata ƙara ƙyas-ƙyas a idon sawu, ko a masallaci kafin na iso an san ni ne. Ranar Lahadi a kasuwar Mai'adua tun hantsi nake tsaye har la'asar, ga bin akuyar da ta kwance, ga hawa da sauka a mota. Lokacin bazara kuwa in na cire ƙafar sai na tsiyaye zufa kamar an zuba ruwa a kofi.

Na tambayi kuɗin sabuwa a wani shagon masu haɗawa, abin da aka faɗa min ya kusa ninki uku na abin da na biya da farko, wai dala ce. Wani kuma a Facebook yana tallar tafin kabon (wani irin tafi mai lanƙwasa kamar sifirin) gwanjo daga Turai, yana cewa har gudu zan yi. To, in gyara wannan, in tara in sayi sabuwa, ko in yi kasadar gwanjon?

Baba_Kofar_Sauri:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ƙara haƙuri. Shekarata 22 da ƙafar roba, wadda ke jikina ita ce ta 5, ka lissafa da kanka. Duk wanda ya ce maka ƙafa ɗaya za ta kai ka tsufa bai taɓa sa ta ba. Mu da ba mu zama wuri ɗaya, in ta yi shekara 3 zuwa 5 ta biya kuɗinta.

Gyambon nan shi ya fi tayar min da hankali, ba ƙarar ba. Ka cire ƙafar ka koma kan sanduna har ya warke sarai. Na san abin da za ka ce, kasuwa. Ni ma haka na ce wata shekara, na ci gaba da takawa a kan ɗan ƙurji, ƙarshe wata 2 na kwanta, ga kuɗin allura ga na wanki. Kuma kada ka bari wani ya sa maka wuƙa ko magagari a cikin soket, ko ka cusa tsumma. Na yi duk wannan haukar.

Abin da ya riƙe ni: kowane dare na wanke dungun da sabulu marar ƙamshi, na tsane shi ƙarau, na duba ƙasansa da madubin hajiya (har yau tana mita). In jan da soket ya bari bai baje ba bayan minti 20, akwai wurin da yake matsa. Cikin soket na goge da jiƙaƙƙen ƙyalle na bar shi ya sha iska a inuwa. Rana da bakin murhu suna lanƙwasa robar. Ranar kasuwa ka riƙe safa biyu a aljihu, in ka yi alwalar azahar ka sauya.

Zaman tahiya ya daɗe yana ba ni wuya sai da na samu tafin Jaipur. A Indiya aka ƙirƙiro shi a 1968, wani likitan ƙashi P. K. Sethi da wani mai sana'ar hannu Ram Chandra Sharma, don mutanen da ke tsugunno, suna zama a ƙasa, suna shiga gona ba takalmi. Ka ga mutanenmu ke nan. Yana da ɗan nauyi, amma ruwa da taɓo ba su dame shi ba.

Mai_Filasta:

Malam, aikina ke nan, shekara 9 ina gwada dungu ina haɗa ƙafa. Baba ya gama magana kan gyambo, ba ni da ƙari.

Ƙafar nan ba abu ɗaya ba ce. Akwai soket, akwai bututun ƙarfe da notinansa, akwai tafi, kowanne da nasa ajalin. Dungu yana motsewa sosai a shekarar farko bayan yanka, saboda kumburi ya sauka kuma naman da ba ya aiki ya rame. Shi ya sa soket na farko ba ya daɗewa, kai kuwa da alama har yau shi kake sawa. An gina shi ne don nauyinka ya sauka kan jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa da gefen ƙwauri. Da ya yi yawa sai ka zurma ciki, kan ƙashi ya ɗauki kayan da ba nasa ba. Safa ta 5 ba za ta magance wannan ba. Sai an sake ɗaukar awonka da filasta an zuba sabo.

In bututun bai tsage ba, shi da mahaɗansa za su koma kan sabon soket. Ƙarar nan sau da yawa noti ne ya saki, ko yashi ya shiga tsakanin tafi da ƙarfe, aikin minti kaɗan ne. Tafin da ya tsage a sauya shi. Ina zaton irin wanda ake kira SACH ne, katako a ciki, soso mai laushi a dunduniya, shi ne mafi araha kuma ana samunsa. Soket da tafi kawai ba za su kai kuɗin sabuwa sukutum ba. Ka ce a rubuta maka farashin kowane ɓangare daban.

Maganar dala gaskiya ce. Kafin Yunin 2023 dalar gwamnati tana wajen naira 460, farkon 2024 ta haura 1,500, kuma tafi da mahaɗai da safar silikon kusan duk daga waje suke zuwa, irin na Ottobock daga Jamus da Össur daga Aisland, da masu sauƙi daga Indiya da Sin.

Tafin kabon yana da daɗin taku, yana lanƙwasa ya maido maka da ƙarfi. Amma kowanne an yi shi ne bisa nauyin mutum da yawan zirga-zirgarsa. Na tsohon Bature mai kilo 60 da ke yawo a falo ba zai ɗauki mai ɗaga rago ba, kuma tsagewar kabon ba ta cika nunawa a hoto ba. In za ka saya, sai mai haɗa ƙafa ya riƙe shi a hannu tukuna. Soket kuwa ba ya gwanjo ko kaɗan. Safar silikon ma kada ta ruɗe ka: wata 6 zuwa shekara take yi, ga tara zufa a zafin Daura. Abu na ƙarshe, da takalmin da ka fi sawa za ka zo gwaji, don a kan tudun dunduniyarsa ake saita ƙafar. Ka koma silifas bayan an saita da kambas, sai ka ji tana tura ka baya.

Maman_Ummi_KT:

Sannu ɗan'uwa. Ɗiyata ce mai ƙafar, shekararta 11, ita kusan duk shekara sai an taɓa wani abu saboda girma. Abin da ba a faɗa maka shi ne kuɗin hanya. Mu Asibitin Ƙashi na Dala muke zuwa a Kano, kuma ba zuwa ɗaya ba ne: awo, gwaji, karɓa, sannan a koma saiti. Ga mota, ga abinci, ga ranar da ba a yi sana'a ba. Ni adashi na shiga musamman, ina kiransa adashin ƙafa, ko bikin ƙanwata ban taɓa shi ba.

Ka riƙa sa kunne kan na kyauta. Red Cross ta duniya ta fara tallafa wa sashen ƙafar roba na Dala a 2016, ta kuma buɗe cibiya a asibitin koyarwa na Maiduguri a 2020, sai dai waɗanda rikici ya shafa ta fi sa wa gaba. Cibiyar Ishk Tolaram a Legas ma tana ba da ƙafa kyauta. Amma kafin ka karɓa a ko'ina, ka tambaya wa zai gyara in ta matsa bayan wata 3. Maƙwabcinmu ya karɓo wata a wani rabo da aka yi da 'yan jarida, tana nan rataye a ƙusa.

Guragu_FC_10:

Yaya in motsa jiki kake so ba sai da kabon ba. Mu a ƙwallon masu ƙafa ɗaya cire ta muke yi mu ajiye a gefen fili, da sanduna ake bugawa, mutum 7 kowane ɓangare. 'Yan Special Eagles, ƙungiyarmu ta Najeriya, har Meziko suka je gasar duniya a 2018. Kuma ka daina shiga gona da ƙafar kasuwa. In ka yi sabon tafi, tsohon ka sa a manne shi ya zama na damina.

Dan_Kusugu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, tun daren jiya na jingine ta a bayan ƙofa, na ciro sandunan daga ƙarƙashin gado, robar gindin ɗaya ma ta cinye sai na sa mai faci ya yanko min taya. Ƙanena zai kai awakin Mai'adua wannan Lahadin, ko da yake na san sai dillalai sun yi masa wayo. Maman Ummi, akwai wata tunkiya mai ciki da na ware, ita ce adashina. Mai tallar gwanjon na ce ya turo min lambar nauyin da ke jikin tafin, tun safe ya karanta bai amsa ba.

Malam Mai_Filasta, in gyambon ya rufe, kwana nawa zan ƙara kafin a ɗauki awon? Kuma in zo da kambas ɗin kasuwa ne ko takalmin Juma'a?