Neman kalmar Hausa: awon ƙasar gona da leza

Hadiza: Assalamu alaikum malamaina. Gobe ƙarfe 8 zan naɗi shirin manoma, kuma kalmar "spectroscopy" ta tsaya mini a wuya. Na'urar LIBS ce, wadda ake gano sinadaran da ke cikin ƙasa da ita. Na ga an daka ƙasa, an matse ta kamar ƙwayar magani, an harba mata leza, wato siririn haske mai ƙarfi. Ƙarar ba ta fi ta ƙyasta ashana ba, tabon kamar tsinin allura, amma zafin tartsatsin yana haura digiri 10,000. Sai na'ura ta baje hasken, kowane sinadari da layinsa, na fotash daban, na ƙarfe daban. Me zan kira wannan?

Usman: Awon bakan gizo. Ko yaro ya san haske yana rabuwa launi-launi.

Dakta Binta: Da sauran gyara, Usman. Layukan kabon da fosfaras da aka fi dogara da su suna inda ido ba ya gani, bakan gizo kuwa abin gani ne. Ni dai tankaɗen haske nake gaya wa ɗalibaina, kamar yadda ake raba gari da tsaki.

Malam Garba: Kafin a kai nan, mece ce "leza"? Mu da muka ce jirgin sama, muka ce na'ura mai ƙwaƙwalwa, yanzu mun gaza? Kibiyar haske. Na daɗe ina faɗa.

Usman: Allah ya gafarta Malam, je kasuwar Farm Centre ka nemi na'ura mai ƙwaƙwalwa, kwamfuta za su ce maka. Kuma irin wannan na'urar ce a jikin Curiosity, motar binciken da ke duniyar Mars, tun 2012, tana harbin duwatsun Mars daga nisan da ya kai mita 7. In ce wa yara kibiya take harbawa?

Malam Garba: Kasuwa ba ta koya mini harshen uwata. Ku 'yan boko kunyar Hausa kuke ji.

Idi daga Maradi: Mu nan lazer muke cewa. Ku Najeriya sai ku yanke magana kamar Hausa a Kano ta tsaya.

Malam Sani: Larabawa ɗaifi suke ce wa bajajjen hasken nan.

Malam Garba: Shi ma aro ne.

Hadiza: Don Allah a taimaka. Manomin da zai saurare ni so yake ya san ko buhun takin NPK da ya ci bashi ya saya shi ne gonarsa ke buƙata. Zan ce "awon sinadaran ƙasa ta hanyar tankaɗen haske", in yi bayanin leza sau ɗaya.

Idi daga Maradi: Tankaɗe ya yi, mu ma haka muke cewa.

Malam Garba: Tankaɗen na yarda, 'yata, Hausa ce. Lezar ce ban yarda ba. Ki ambaci kibiyar haske ko sau ɗaya ne.

Hadiza: To Baba, in minti 15 ɗin sun isa.