Iskar damina: daga gabas take ko daga kudu maso yamma?

Malamin Labarin Ƙasa:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata sakandare a wajen Daura. Tun Disamba ni da ɗalibaina muka kafa gora a bakin filin ƙwallo, muka ɗaura mata ƙyalle, kullum ƙarfe 8 na safe da 2 na rana mu rubuta inda iska ta fito. Da hunturu ba gardama, arewa maso gabas ce, farin ƙyallen har ya koma ja don ƙura. Damina na faɗuwa lissafi ya dagule. Littafi ya ce kudu maso yamma, amma hadarin da ya yaye mana kwanon aji daga gabas ya taso. Wata yarinya ta ce, "Malam, littafin ne ya yi ƙarya?" Na rasa ta cewa.

Tsohon Ma'aikacin Yanayi:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba wanda ya yi ƙarya. Iskar da ke wuni tana kaɗawa da damina ita ce mai laima daga Tekun Atilantika, kudu maso yamma, kuma a hankali take tafiya. Hadari kuwa wata iska ce can sama, wajen kilomita 3 zuwa 4, ke koro shi daga gabas. Guguwar da ke gabansa ba ta daɗewa, kuma galibi da yamma ko da dare take zuwa, kun riga kun tashi. Ku ware mata shafinta daban.

Gorar nan tsawonta nawa? Ƙa'ida mita 10 ce, a sarari, nesa da gini da itace, kuma matsakaicin minti 10 ake rubutawa, ba kallo ɗaya ba.

Ɗan Damagaram:
Malam, da hunturu ku ƙara awon ƙarfe 10. Nan wajenmu da asuba tsit, hantsi na yi sai ta taso kamar an buɗe mata ƙofa. Rana ce ke ɗumama ƙasa, iskar da ta kwana tana gudu a sama ta sauko. Ƙurar ƙyallenku ma yawancinta baƙuwa ce, daga kwarin Bodele na Chadi.

Injiniya:
Ƙyalle ba ya faɗin sauri. A raba ƙwallon tebur biyu gida biyu-biyu, a manna su kan sanduna a gicciye, a shafa wa ɗaya fenti. Ranar da ba iska a ɗora a babur, a tafi kilomita 20 a awa, a ƙirga juyi nawa a minti.

Malamin Labarin Ƙasa:
Na gode ƙwarai. Baba, gorar mita 4 ce, ga darbejiya kusa da ita ta yamma. Ranar Litinin za mu mayar da ita tsakiyar fili.