An ba ni tikitin gudu a wani ƙauye a jihar New York: in amsa laifi in biya, ko in je kotun?

Direba daga Bronx: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina tuƙa taksi da lasisin TLC, hukumar kula da taksi ta birnin New York. A hanyata ta dawowa daga Albany ɗan sandan jiha ya tsayar da ni, ya rubuta min gudun mil 86 a inda doka ta ce 65. Takardar ta ce in amsa a kotun wani ƙaramin gari, tafiyar kusan awa uku daga gida. Na duba a taswira, ashe kotun ɗaki ce a ginin hukumar garin, kusa da inda ake ajiye motocin kwashe ƙanƙara, kuma da yamma take zama. Wai ma alƙalin ba lauya ba ne. Wannan kotu ce ta gaske? Ni so nake in sa hannu a gurbin amsa laifi, in aika kuɗi in huta. Me kuka gani?

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye biron nan tukuna. Ka haura da mil 21, shi kuwa 21 zuwa 30 makin laifi 6 ne ake rubuta maka a lasisi. Da 85 aka rubuta maka da maki 4 ne, mil ɗaya tak ya jefa ka wani aji. Duk wanda ya tara maki 6 cikin wata 18, DMV, hukumar motoci da lasisin tuƙi ta jiha, na cajinsa dala 100 duk shekara har shekara uku, ban da tarar alƙali da ƙarin dala 93 da kotunan garuruwa da ƙauyuka ke ɗorawa. Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar matsalar TLC ce: maki 6 cikin wata 15 na iya sa su dakatar da kai kwana 30. Wa zai biya maka haya a watan? Ga inshora kuma na jiranka.

Wata 'yar uwa mai aiki a ofishin lauya: Yaya, kotu ce ta gaske, kada ginin ya ruɗe ka. Akwai irinsu wajen 1,200 a faɗin jihar, amma babu su a birnin New York. Mutanen garin ne ke zaɓen alƙalin na shekara huɗu, kuma fiye da rabinsu ba lauyoyi ba ne, horo ake ba su su ci jarrabawa kafin su hau kujera. Wani da rana manomi ne ko ɗan kasuwa, shi ya sa ake zaman da yamma. Amma yana sauraron ƙananan laifuka, da rikicin mai gida da ɗan haya, da ƙarar kuɗi har dala 3,000. Ko wanda aka kama da babban laifi a yankin, sau da yawa gabansa ake fara kai shi. An daɗe ana ƙorafi a kansu, a 2006 jaridar New York Times ta yi dogon bincike kan kura-kuran da ake tafkawa, daga nan aka fara naɗar zamansu a na'ura.

Abin da zai amfane ka shi ne wannan. A cikin birnin New York, ofishin DMV ne ke shari'ar tikiti, kuma a can ba a ciniki, ko ka ci ko a ci ka. A kotun ƙauye kuwa ana daidaitawa da mai gabatar da ƙara. Ka cike gurbin da ke cewa ba ka amsa laifi ba, ka yi alama a wurin neman rubutaccen bayanin ɗan sandan idan bai ba ka ba, ka aika ta gidan waya da shaidar an karɓa, ka ajiye kwafi. Za su turo maka rana. Idan tarihin tuƙinka mai tsabta ne, sukan rage laifin zuwa mai ƙarancin maki, wani lokaci har zuwa laifin fakin da ba shi da maki ko ɗaya. Ba alkawari ba ne, kowace gunduma da tsarinta.

Alhaji na Harlem: Ni dai ban ga dalilin ɓata yini guda a hanya ba. Ɗauki lauyan yankin, wanda ya san mai gabatar da ƙarar da halin alƙalin. A irin wannan tikiti yakan tsaya maka ba sai ka je ba. Kada ka ɗauko na Manhattan, kuɗin mai kawai zai caje ka.

Baban Yara: Alhaji, a gafarce ni, ba kowa ke da kuɗin lauya ba, gwamnati kuma ba ta ba da na kyauta a tikitin gudu. Ya fara kiran magatakardar kotun. Wasu gundumomin ta wasiƙa ko intanet ake neman ragin, ko ƙafa ba zai ɗaga ba. Sai dai a yi haƙuri da wayar, wata kotun kwana biyu a mako ake samun mutum a ofis.

Direba daga Bronx: Allah ya saka da alheri. To in dole sai na je, Turancina na kasuwa ne. Kuma in na yi shiru ban amsa ba fa?

'Yar uwa mai aiki a ofishin lauya: Shirun shi ne mafi muni. Kotun za ta sanar da DMV a dakatar da lasisinka, tuƙi a haka kuma ya tashi daga tikiti ya koma laifin da ake kama mutum. Batun harshe, kana da haƙƙin tafinta kyauta, amma ka gaya wa magatakarda tun yanzu, don mai jin Hausa ba a samunsa rana tsaka a can. Ka ciro tarihin tuƙinka daga shafin DMV ka tafi da shi. Kuma duk ragin da suka yi maka tayi, ka tambayi maki nawa ne kafin ka sa hannu, ka haɗa da wanda kake da shi a cikin wata 15 ɗin nan.

Alhaji na Harlem: Ka sa kaya masu mutunci, ka isa da wuri. Sau da yawa wanda ya riga rubuta suna shi ake fara kira, kai kuma awa uku na jiranka a hanyar dawowa.