AC mai ƙarfin nawa zai ishe ni a sabon gida?

Abban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana ku taimaka min kafin in zubar da kuɗina. Wata uku ke nan da muka tare a Rijiyar Zaki, kuma zafin Afrilun nan ya kai inda fanka iskar zafi kawai take kaɗo mana. Jiya na shiga Sabon Gari, mai shago ya ce in ɗauki 2HP guda biyu, ɗaya falo ɗaya ɗakin kwana, wai babba ba ya kunyata mai shi. Abokina kuma ya rantse 1HP ya isa ko'ina. Na ɗauko tef na auna: falo ƙafa 16 da 14, ɗaki 12 da 12. Rufin kwano ne da silin POP, babu bene a sama. Tagar falon yamma take kallo, daga la'asar bangon ba ya taɓuwa. Mu bakwai ne a gidan.

Usta Mai AC:
Wa alaikumus salam Alhaji. Da mai shagon da abokin naka, kowa rabin gaskiya ya faɗa. Ka bar maganar hos, wato HP ɗin nan, ka duba lambar BTU da ke jikin kwali, ita ce ma'aunin zafin da injin zai iya kwashewa a awa ɗaya. 1HP yawanci 9,000 ne, 1.5HP 12,000, 2HP kuma 18,000. Ka lura da tsallen da ke tsakanin na biyu da na uku, ba ƙarami ba ne.

Ɗakin kwananka ƙafa 144 ne idan ka ninka, da dare ake shigarsa, mutum biyu ko uku. 1HP ya ishe shi. Falon ne ke da magana. Ƙafa 224, da a ƙasan bene yake, da inuwar darbejiya a bakin taga, da na ce 1.5HP ba tare da na yi tunani sau biyu ba. Amma kwano a kai, rana ta yamma a gefe, ga mutum bakwai, kuma lissafin da aka saba shi ne duk wanda ya ƙaru bayan mutum biyu a ƙara masa BTU 600. Mutum biyar ke nan, 3,000. Ga talabijin, wataƙila har da firji. A garin da zafi ke wuce digiri 40, ni 2HP zan ɗaura maka a nan.

Jadawalin da ake gani a intanet mai cewa BTU 20 ga kowace ƙafa, don gidajen Amurka aka yi shi, masu bango da rufin da ke tare zafi. Na sha zuwa gidan da aka bi shi. Kwampireso, wato injin da ke tura gas a cikin AC, ba ya hutawa tun azahar, maigida yana ta kirana wai gas ya ƙare, alhali gas na nan, injin ne aka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinsa.

Maman Ilham:
Abban Khalifa, kar ka sa 2HP a ɗaki, ni ganau ce. Maigidana ya sa mana shi a ɗan ɗakinmu a Gwammaja. Minti biyar ɗaki ya ɗau sanyi, injin ya mutu, ya sake tashi, haka yake kwana. Sai da damina ta sauka muka gane kurenmu. A watan Agusta zanin gado sai ka ji shi da danshi, kayan cikin wadirob suna warin raɓa. Mai gyara ya ce ba ya daɗewa yana aiki balle ya tsotse laimar ɗakin. Da asuba kuma yara sun dunƙule cikin bargo kamar a hunturu.

Ɗan Sharaɗa:
Duk kun manta da wuta. Yallaɓai, wane janareta gare ka? 1HP na cin wajen wat 900, 2HP kusan ninkinsa, kuma AC wanda ba mai inbata ba, wato wanda ba ya iya rage gudunsa, lokacin tashi yana fizgar wuta ninki uku ko fiye. Mai inbata a hankali yake tashi, idan ɗaki ya yi sanyi ya rage gudu, shi ya sa ko ya ɗan yi wa ɗaki girma ba ya yin irin na Maman Ilham sosai. Sannan labule mai kauri a tagar nan zai rage maka wani abu.

Abban Khalifa:
Allah ya saka da alheri. Janaretana 2.5kVA ne, firji da famfon tura ruwa duk a kansa suke. Usta, ya za a yi ke nan?

Usta Mai AC:
Na ɗakin zai ɗauka idan ka kashe famfon. Na falo kuwa ka bar shi sai an kawo wuta, ko da mai inbata ne ban so ka haɗa shi da janaretan. Kuma kafin ka biya kuɗi ka leƙa cikin silin ka gaya min ko akwai wata shimfiɗa mai tare zafi tsakanin kwanon da POP ɗin.