Wace kalma za mu sa wa "great circle" a Hausa?

Jama'a, ina neman taimako. Ƙanena ya hau jirgi daga Dubai zuwa Los Angeles, tafiyar kusan kilomita 13,400, awa 16 ko kusa da haka. Da ya sauka ya kira ni hankali a tashe, wai ya ga jirgin a allon bayan kujera ya haura arewa ta kan Rasha, ya bi ta yankin ƙanƙara, sannan ya gangaro ta Kanada. "Yaya, don me ya yi wannan dogon zagaye?" Na san amsar, amma kalmar da zan faɗa masa da Hausa ta gagare ni.

Ba zagaye ba ne. Ɗauki lemo, ka sa ɗigo biyu a jikinsa, ka ja zare tsakaninsu har ya ɗame. Inda zaren ya kwanta, babu hanyar da ta fi shi kusa, kuma irin wannan hanya a jikin duniya ita ake kira "great circle" a Turance. Taswirar bango ce ke ruɗinmu, domin irin wadda wani masanin taswira mai suna Mercator ya zana a 1569 ta baje duniya kamar tabarma, ta kumbura arewa da kudu, sai miƙaƙƙen layi ya fito a lanƙwashe. Alhazanmu ba sa lura sosai, don Kano zuwa Jidda kilomita 3,400 ne da ɗan wani abu, kuma kusa da tsakiyar duniya lanƙwasar ba ta da yawa.

Wani malamin lissafi ya kawo "babbar da'ira". Malam, Allah ya ƙara sani, a aji za ta yi aiki. Amma wanda ya ji "da'ira" zagaye zai kawo a ransa, ga shi kuwa zagayen muke ƙoƙarin cire masa. "Hanyar baka", wato bakan harba kibiya, ma na ajiye ta, don za a ɗauka bakin magana ake nufi.

Wata baiwar Allah ta ce me zai hana "yanke", tunda kowa ya san "mu bi yanke". Hajiya, kin kama bakin zaren. Ni dai na ƙara mata kalma ɗaya: yanken doro. Hausa tuni take cewa "doron ƙasa", doro kuwa ba shimfiɗaɗɗe ba ne, tudu ne mai lanƙwasa. Kakanninmu sun bar mana siffar a cikin kalmar. Ku gwada a baki: "Yanken doro daga Landan zuwa New York kilomita 5,500 ne da 'yan kai." Ya zauna.

An yi min gyara cewa "yanken" zai rikice da "yankin". Gaskiya ne, a rubutun gaggawa zai iya faruwa, amma a furuci kunne na rabewa, kuma "doro" da ke biye yana tsare ma'anar.

Abu ɗaya nake roƙo: kada mu ɗora wa kalmar lokaci, nisa kawai take aunawa. A wannan hanya ta Landan da New York, zuwa yakan ci kusan awa 8, dawowa kusan 7, saboda iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a can sama tana tura jirgi a dawowa. Ita ma wannan iskar tana buƙatar suna, kuma matuƙa jirgi da ke cikinmu nake so su fara magana.